Amintacce na Huɗu

Ranar Alhamis da hantsi Nas ta buɗe kabad ɗin marigayiya Ungozoma don ta ɗauko fayil ɗin gidauniya, ta tarar da wurin wayam. Kwaɗo yana nan a datse yadda ta bar shi, da mabuɗinta ma ta buɗe shi, amma fayil ya ce ɗauke ni inda kika ajiye ni. Kafin shayin da ta zuba ya huce, rabin unguwa ya cika tsakar gidan, kowa da wanda yake zargi.

Dole hankali ya tashi. Shekara arba'in Ungozoma ta yi tana karɓar haihuwa a gidan nan. Da ta ji jiki ya fara gaya mata gaskiya, sai ta kira Lauya ta rubuta cewa ta ba da gidan ga gidauniya, domin matan da ke zuwa daga nesa su samu inda za su kwanta su jira haihuwa kusa da asibiti. Amma tsohuwar ta san halin mutanenta da jan ƙafa, sai ta gindaya sharaɗi. In shekara ta cika da rasuwarta gidauniya ba ta yi rajista ba, gida ya koma hannun ɗan ƙaninta, wanda ake kira Ɗan-lele. Shekarar kuwa ranar Litinin za ta cika.

Wata goma sha ɗaya ana haɗa fayil ɗin nan takarda bayan takarda. Akwai kundin dokokin gidauniya, da rahoton taron da aka tabbatar da amintattu, da hotunansu, da shafukan jaridun da aka buga sunayensu har kwanakin jiran ƙorafi suka wuce ba wanda ya ce uffan. Duk waɗannan suna sakuwa in da lokaci. Wadda ba ta sakuwa ita ce takardar kyautar gidan, mai ɗauke da sa hannun matar da ke kwance a kabari. Abin da ya rage kawai, gobe Juma'a amintattu su je kotu su yi rantsuwa, Litinin a miƙa wa ofishin rajista.

Aka aika a kira Mai-sawu, don shi ma yana cikin amintattu huɗun da marigayiyar ta zaɓa da bakinta: Hedimasta ne shugaba, Nas sakatariya, sai shi, sai Kafinta, mahaifin Nas.

Shekara talatin Mai-sawu ya yi yana bi wa 'yan sanda sawun ɓarayi. Ya yi ritaya, gwiwarsa ta hagu ta bi shi ta yi ritaya, amma bakinsa ko hutun yini ɗaya bai taɓa ɗauka ba. Ka gaishe shi da safe, sai ka ji yadda ya kama wani a ƙarƙashin gada shekara ashirin da suka wuce. Mutumin kirki ne, wallahi, sai dai yana son a ce ya iya, kuma wannan son shi ya ja masa abin da zai mutu yana da na sani a kansa.

Ya shigo yana dogara sanda. Nas ta tare shi, idonta ya yi ja. Ba su haɗa jini ba, amma tun tana ƙarama Kawu take ce masa.

"Kawu, ka ga abin da ya same mu. Ina zan sa kaina? A hannuna aka bar shi."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Takarda ba ta da ƙafa, wanda ya ɗauke ta ne mai ƙafa, ƙafa kuwa ba ta tafiya a sama."

Hedimasta ya gyara tabarau ya ce, "Ba sai an wahalar da kai ba. Wa zai ci riba in Litinin ta wuce? Ɗan-lele. Wa yake kwana a ɗakin ƙofar gida? Ɗan-lele. Na ba ka zuwa ƙarfe biyar, don girman da nake ba ka. Daga nan zan kira 'yan sanda su tafi da shi."

Kafinta yana tsaye jikin bango, hularsa a hannu. Da suka haɗa ido ya ɗan rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe." Haka yake gaishe shi kullum, duk da ba wata tazarar shekaru ce mai yawa tsakaninsu ba.

*

Ɗan-lele mutum ne ɗan shekara arba'in wanda bai taɓa riƙe aiki ya kai wata uku ba. Mai-sawu ya same shi zaune a bakin katifa, kuncinsa a kumbure kamar ya ɓoye lemo.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji shi, yana magana da gefen baki, "ina son gidan. Waye ba ya son gida? Amma Inna ce ta raine ni. In zan ci amanarta, ai tana da rai zan ci, lokacin da take ba ni mabuɗin komai."

"Jiya ina kake?"

"Asibitin haƙori, tun sha biyun rana har biyar na yamma. Ga takardar, ga ramin ma in kana son leƙawa."

"Riƙe raminka. Tokar da maƙwabta suka gani a bayan gida fa? An ce takardu ka ƙona."

Suka zagaya tare. Mata uku suna tsaye a kan tokar suna gadin ta kamar za ta gudu. Mai-sawu ya tona ta da sanda, ya fito da kusurwar buhun siminti da kwalayen sigari da suka ƙi cinyewa. Fayil mai kaurin tafin hannu ba ya zama toka mai laushi haka, ko an zuba masa mai sai tsakiyarsa ta rage. Ya dubi matan ya ce, "Ku koma kan tukwanenku, wannan sirrin ɗan taba ne kawai."

Abu ɗaya ya samu a nan. Jiya Laraba, daga sha biyu zuwa biyar, ba kowa a gidan.

*

Mabuɗan kwaɗon biyu ne. Na Nas yana cikin jakarta, jakar kuwa jiya tana kulle a akwatin ma'aikata na asibiti. Na Hedimasta yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Da aka tambaye shi ko ya taɓa cire shi, sai ya kumbura.

"Ni za ka tambaya? Shekara ashirin da shida ina riƙe da takardun jarrabawa, ko ɗaya ba ta taɓa fita ba."

"Tambaya ba zargi ba ce, Malam. Yaushe aka buɗe fayil ɗin na ƙarshe?"

Nas ta ce, "Asabar, ranar da gwiwa ta hana ka zuwa taro. Hedimasta ya karanta mana fom ɗin rantsuwa."

"Me fom ɗin ya ce?"

Hedimasta ya ɗaga yatsa kamar yana gaban aji. "Abin da na faɗa musu. Amintacce ya zama baligi, mai cikakken hankali, wanda ba a taɓa ɗaure shi kan sata ko zamba ba. Na ce musu hukuma za ta bincika, kuma wanda ya rantse kan ƙarya, gidan yari ne makomarsa."

"Duka ka karanta musu?"

"Na taƙaita. Shafi uku ne, rubutun kamar ƙafar tururuwa. Wa zai zauna?"

Nas ta yi ɗan murmushi a karon farko tun safe. "Har dariya muka yi, Kawu. Na ce wa za a ɗaure a cikinmu? Baba ne da ko kaza ba ya iya kora?"

Wani abu ya ɗarsu a zuciyar Mai-sawu, ya yi maza ya kore shi. Ya ce a kai shi ya ga kabad ɗin.

*

Tsohon kabad ne mai ƙofa biyu, Ungozoma ta saye shi tun kafin a haifi Nas. Ƙasan ɗakin siminti ne, kuma ƙafafu hamsin sun riga sun tattake duk abin da za a iya gani. Mai-sawu ya duba kwaɗo, ba ƙwarzane. Ya duba bayan kabad, ƙura tana nan ba a taɓa ta ba.

"Buɗe mini yadda kika saba buɗewa."

Nas ta sa gwiwarta a ƙasan ƙofar dama za ta ɗaga, sai ƙofar ta buɗe da kanta salin alin. Ta tsaya tana kallon ta.

"Ikon Allah. Kawu, ƙofar nan shekara da shekaru a sauke take, sai an ɗaga ta da gwiwa, kuma sai ta yi kuka. Da safe ruɗewa ta hana ni lura."

Mai-sawu ya durƙusa, gwiwa tana yi masa Allah ya isa. Hinjin ƙofofin, wato ƙarafan da suke riƙe da su, a waje suke. Na hagu sun yi tsatsa, sukurorin da aka ɗaure su da su kowanne tsagar kansa ta kalli inda ta ga dama. Na dama kuwa an ɗiga musu mai. Ramin da ya yi faɗi an cusa masa siririn katako don sukuru ya kama. Kuma sukurori shida, duk tsagar kansu a tsaye take cak, ba wadda ta karkace ko da kaurin gashi.

Wanda ya ɗauki fayil bai taɓa kwaɗo ba. Ƙofar ya kwance gaba ɗaya, ya ɗauki abin da ya kawo shi, ya mayar da ita, har ya gyara ta.

"Ka ga wani abu, Kawu?"

"Tukuna," in ji shi.

Ya fita ya shiga babban ɗakin da aka shirya wa masu jiran haihuwa. Gadaje takwas ne a jere, Kafinta ne ya yi su kyauta, ko kuɗin ƙusa bai karɓa ba. Mai-sawu ya shafa kan gado na farko, ya duba na biyu. Kowane sukuru tsagarsa a tsaye. Bai ƙarasa sauran ba, ya zauna a bakin gado, don ya taɓa ganin wannan aikin tun kafin a yi gadajen.

Shekara talatin ke nan, a wani gari can, aka kwance ƙofar shagon wani babban kafinta aka ɗauke akwatin kayan aiki, aka mayar da ƙofa. 'Yan sanda suka yi kwana uku suna zagaye. Mai-sawu ya zo ya dubi sukurorin, ya tambaya wa yake ɗaure sukuru haka. Aka ce wani saurayi ne da ya yi wa mai shagon bauta shekara bakwai, aka sallame shi hannu rabbana, ko guduma ba a ba shi ba, ga matarsa da tsohon ciki. Kafin rana ta faɗi an kama shi, alƙali ya ba shi shekara biyu. Matar ta dawo unguwar nan, Ungozoma ta karɓi haihuwar, ita ce kuma ta gaya wa duniya cewa uban jaririya ya tafi aiki tashar jiragen ruwa. Har yau Nas tana ba da labarin nan da alfahari, cewa babanta ya yi aiki a bakin teku.

Da Mai-sawu ya yi ritaya ya tare a unguwar, suka haɗu a layi, suka gane juna. Kafinta ya ce "ranka ya daɗe," shi ya amsa, ba wanda ya sake ɗaga maganar. Ungozoma ta san komai, kuma da saninta ta sa sunansa cikin amintattu.

Sai ranar Lahadi ta faɗo masa a rai. Kafinta ya zo gidansa ba a kira shi ba, wai ya lura kujerarsa tana girgiɗi. Ya gyara ta, ya ƙi tafiya, yana ta jujjuya sukundireba a hannu. Har ya ce, "Ranka ya daɗe, dama akwai wata tambaya, game da tsofaffin takardun kotu..." Shi kuwa Mai-sawu, jin an ambaci kotu, sai ya kama labarin wani ɗan damfara da ya bi har garuruwa uku. Ya yi awa guda yana zuba. Da ya gama ya ce, "Me kake cewa ne ɗazu?" Kafinta ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe," ya tattara kayansa.

Kunya ta kama shi a zaune a bakin gadon nan, shi kaɗai.

*

Ya tafi shagon Kafinta da niyyar su yi magana su biyu, a kashe wutar tun tana ƙarama. Ya tarar Nas ta riga shi, ta kawo wa mahaifinta abincin rana, tana zaune a kan benci tana lallashin sa ya ci. Kwanon yana rufe yadda ta kawo shi.

"Tun jiya bai sa komai a cikinsa ba, Kawu. Abin nan ya fi damun sa fiye da kowa."

Kafinta yana goga samfefa a jikin wani katako da ya riga ya yi sumul. Garin katako ya rufe komai a shagon, zarto, guduma, har agogon bango. Abu ɗaya ne kawai ba ƙura a kansa, wani ƙunshi da aka naɗe da leda aka tura ƙarƙashin teburin aiki. Mai-sawu ya gan shi, ya ɗauke kai.

"Kafinta," ya ce a hankali, "ƙofar kabad ɗin can ta daina kuka."

Samfefar ta tsaya.

"Ai yanzu nake gaya masa," in ji Nas. "Ɓarawo mai gyaran ƙofa, wa ya taɓa ji?"

Da ya ce mata ta je ta sayo masa maganin gwiwa, da shi ke nan, minti biyar sun isa. Amma ya ji tsoron ta zargi wani abu. Kuma, a faɗi gaskiya, can ƙasan zuciyarsa akwai ɗan abin nan da ke son jama'a su taru su ga ya warware ƙulli. Sai ya ce, "Ƙarfe biyar kowa ya zo gidan Ungozoma."

A hanya ya tsara abin da zai yi, kuma tsarin mai kyau ne. Zai wanke Ɗan-lele a gaban kowa. Zai ce ya san inda fayil yake amma ba zai kama suna ba, a bar ƙofar gida a buɗe, kowa ya kama gabansa, gobe da safe za a same shi a kan tebur. Gida ya tsira, mutuncin mutum ya tsira.

*

Ƙarfe biyar babban ɗakin ya cika. Amintattu suna zaune a bakin gadaje, Ɗan-lele yana gefe da kuncinsa, maƙwabta sun toshe ƙofa da tagogi. Lauya ta aiko cewa tana hanya daga kotu. Kafinta ya ƙi zama, yana tsaye kusa da 'yarsa.

Mai-sawu ya fara da kyau. Ya nuna takardar asibitin haƙori, ya yi bayanin tokar, ya ce ba a yi amfani da mabuɗin kowa ba. Sannan ya ce, "Na san inda fayil yake. Wanda ya ɗauka ba mugu ba ne. Kowa ya tafi gida, a bar ƙofa a buɗe, gobe za mu je kotu da takardunmu."

Hedimasta ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Wato ba ka sani ba ke nan."

"Na ce na sani."

"Haba, abokina. Tsufa ba laifi ba ne. Mun sha labaran gada da na garuruwa uku, yau ga ƙaramin kabad ya gagare ka. Ka ce ido ya tafi, mu kira masu aikin."

Wani ya tuntsire da dariya a taga, wasu suka taya shi. Mai-sawu ya ji jini ya hau masa kai. Ya buga sanda a ƙasa.

"Ido ya tafi? To ku je ku dubi ƙofar dama. Kwance ta aka yi aka mayar, sukurori shida tsagarsu a tsaye. Yanzu ku dubi gadajen da kuke zaune a kai. Hannu ɗaya ne a duk ƙasar nan yake ɗaure sukuru haka, kuma da wannan alamar na kama shi shekara talatin da suka wuce, har ya yi shekara biyu a..."

A nan ya kama bakinsa, amma magana zarar bunu ce. Mutane suka sunkuya suna duban kan gadaje, sannan suka ɗago ɗaya bayan ɗaya suka dubi mutumin da ke tsaye riƙe da hula.

Nas ta ce, "Kawu, me kake faɗa? Shekara talatin da suka wuce Baba yana bakin teku." Ta juya. "Baba, gaya musu."

Kafinta bai dube ta ba. "Ban taɓa ganin teku ba, 'yata."

Ya ci gaba da magana yana kallon ƙasa, ba ya ɗaga murya.

"Fayil yana shago, ko kusurwa bai lanƙwashe ba. Takardata kaɗai na so in cire. Na ce in ta ɓata ga lokaci ya ƙure, za ku je ku rantse ku uku, tun da doka ta yarda da uku. Sai na tarar Lauya ta ɗinke su da zare ta buga hatimi, in na yage tawa na ɓata ta marigayiya. Na ji kamar motsi a waje, na ruɗe, na ɗauke duka. Tun jiya nake neman hanyar dawo da shi, mutane sun cika gidan."

"Me ya hana ka ce ka janye kawai?" in ji Hedimasta, muryarsa ta yi sanyi.

"Sai a ce don me. 'Yata ce za ta fara tambaya, ni kuwa ban iya yi mata ƙarya ido da ido ba. Waccan ta bakin teku ma marigayiya ce ta yi mini ita. Rantsuwa kan ƙarya kuma ba zan yi ba."

Ɗan-lele ya cire hannu daga kuncinsa. "To Baba, ƙofar fa? Me ya sa ka tsaya gyara ta?"

"Hannuna ne. Sai da na gama na ga abin da na yi."

Lauya ta iso tun ɗazu, tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta, ta ji ƙarshen maganar. Ta kutsa ta shigo.

"Wa ya ce muku wanda aka taɓa ɗaurewa ba zai zama amintacce ba?"

Duk ido ya koma kan Hedimasta. Ta zaro kwafin fom daga jaka, ta buɗe shafi na biyu, ta sa yatsa. "Ga shi nan. Wanda aka yanke wa hukunci cikin shekara biyar da suka wuce. Biyar. Baba, da gobe ka rantse da gaskiyarka, ba wanda zai tambaye ka abin da ya wuce haka. Ko yanzu ma, tun da ba a kai ƙara ba, doka ba ta hana ka ba."

Hedimasta ya cire tabarau ya rasa inda zai ajiye shi. Kafinta ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa sosai, sannan ya girgiza kai.

"A'a, 'yata. Wanda ya kwance ƙofa jiya ba zai ɗaga hannu gobe ya ce shi amintacce ne ba. Rubuta mini takardar janyewa."

Nas ta miƙe. Kowa ya zaci kuka za ta yi, amma ba ta yi ba. Ta karɓi hular daga hannun mahaifinta, ta sa masa a ka, ta kama hannunsa.

"Da ni ka tambaya, Baba, da na karanta maka. Zo mu tafi gida."

Da suka zo wucewa, Mai-sawu ya ce, "'Yata..."

Ta tsaya, ta ɗan rusuna. "A ba mu hanya, ranka ya daɗe."

*

Juma'a mutum uku suka rantse. Litinin aka miƙa fayil da takardar janyewa a sama, ofishin rajista ya karɓa, bayan wasu makonni takardar shaida ta fito. Gida ya tsira. Kafin wata biyu gadaje takwas sun cika, Ɗan-lele ma ya samu aikin gadin ƙofa, kuma ga mamakin kowa ya riƙe shi. Mutane suna cewa ai Mai-sawu ne ya ceci gidauniya, har yanzu idonsa yana nan. Duk sanda ya ji haka sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya daina ba da labarin gada. Matarsa har ta tambaye shi ko ba shi da lafiya.

A taron amintattu Nas tana gaishe shi da ladabi, tana miƙa masa takarda da hannu biyu. Kawu dai bai sake ji daga bakinta ba. Masu kawo wa Kafinta aiki ba su daina ba, sai dai yanzu wasu suna tsayawa a kansa in ya shiga gidajensu.

Sau uku Mai-sawu yana zuwa bakin shagon yana juyawa. A na huɗu sai ya ɗauki kujerar nan tasa, ya kwance mata ƙafa ɗaya da wuƙar kicin, ya saɓa ta a kafaɗa ya tafi.

Kafinta ya karɓa, ya dubi inda wuƙa ta ƙwarzane. Ya jawo wa Mai-sawu benci ya zauna, shi kuma ya kama aiki.

"Ranar Lahadin nan," in ji Mai-sawu, "ka zo da tambaya, na hana ka yi."

"Ya wuce, ranka ya daɗe."

"Bai wuce ba. Da na yi shiru na minti ɗaya, da mun je wurin Lauya tare. Ranar Alhamis ma ba gida nake karewa ba, kaina nake karewa. Ka yafe mini."

"Na yafe. Ni na kwance ƙofa, ba kai ba."

Ya ɗaure sukuru na ƙarshe, ya girgiza kujerar, ta tsaya daram. Ya ajiye ta a gabansa. Mai-sawu ya sunkuya ya duba, don ido ya riga ya saba. Sukurori huɗu ne, ɗaya ya kalli gabas, ɗaya ya kwanta, biyu sun karkace.

"Ba ka daidaita su ba," ya ce.

Kafinta ya goge sukundirebar da gefen rigarsa, ya mayar da ita akwati.

"Na daina, ranka ya daɗe. Sau biyu ke nan suna kai ƙarata wurinka."